Matakalar da Oga Bitrus ya hana a fasa

Ko shayi ban gama sha ba da safen nan aka kira ni, wai Oga Bitrus ya rasu. Wallahi har yanzu ban yarda ba.

Shi ne injiniyan da aka ɗora a kan gyaran tsohon ofishin gwamnatin nan na zamanin Turawa, a nan Inugu. Mutumin kudancin Kaduna ne.

Okada nake ja, wato acaɓa, sanda muka haɗu. Kafintancin da na gada wurin babana na jingine shi, tunda kowa alminiyam yake so. Na ɗauko shi daga kasuwa, muna hira sai ya ce, "Malam Sale, ka iya haɗa katako ba ƙusa?" Na ce sosai ma. Ya ce gobe in zo da kayan aikina.

Kai, mutumin nan akwai naci! In gara ta ci katako, ba a yar da shi. Inda ta ci kawai za ka yanke ka yi masa ƙari. Na sha gunaguni, shi ko dariya yake.

Ran Juma'a shi ke duba mana agogo. "Ku tafi masallaci, katako ba zai gudu ba."

Da ɗan kwangila ya matsa a fasa matakalar benen a zuba ta siminti, na san aikina ya ƙare, sai komawa titi. Oga ya tsaya gaban manya ya ce, "Ina da mai gyara ta." Ko tambayata bai yi ba. Ni yake nufi, kuma na gyara ta.

Makon jiya ya zo wurin aikin, duk ya rame. Ya hau ta a hankali, yana hutawa. Da ya kai sama ya buga ƙafa, ya saurara.

"Ko ƙara ba ta yi ba. Akwai wani tsohon gini a Anacha, na ba su sunanka."

Na fara godiya, ya ɗaga min hannu, ya ce in ajiye ta sai ranar buɗe ginin.

Na ajiye, Oga. Ga ta nan. Na gode, na gode.

Allah ya saka maka da alherin da ka yi min, ya ba Madam da yara dangana. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi da iyalinsa a addu'a.