Ƙarafan Baba Shef Ba Za Su Hau Sikeli Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe labarin ya same ni. Ina buɗe shago ke nan, ko zare ban sa wa keke ba, sai ga wayar ƙanina Sabi'u daga Bonabéri. Ya ce, "Yaya Hajara, Baba Shef ya tafi." Na ce ya tafi ina, mutumin da ke kwance a asibiti? Sai na ji ya fashe da kuka. Ƙato guda, magidanci, yana kuka kamar yaron da aka yaye.

Na zauna daɓas a kan atamfofin mutane.

An kai shi makwancinsa bayan azahar. Amma akwai abin da ya faru a gidan yau, kuma sai kun ji shi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, sunansa Malam Isiyaku, tsohon gandiroba ne. Ya yi aiki a gidajen yari daban-daban, arewa da kudu. Da ya yi ritaya ya dawo gidansu nan unguwar New Bell a Douala, layi ɗaya da shagona na ɗinki. Kowa Baba Shef yake ce masa, wato shugaba, har limamin unguwa.

Ɗakin gaba na gidansa, wanda wani zai ba da haya a sa firiza a sayar da lemo, shi ya mai da shi gidan tarihi. Da hannunsa ya rubuta "Musée" da fenti a jikin allo. Tarihin hukunci ne zalla a ciki. Akwai mari na ƙafa, irin mai nauyin nan, ya ce tun na zamanin mulkin Jamus ne. Akwai ankwa iri-iri, akwai dorina. Akwai turu, gungumen itacen nan da ake zura ƙafar mutum a ciki, ya sa aka ɗauko masa daga arewa a motar shanu. Har kulkinsa na aiki ya rataye a bango tare da su.

Na taɓa ce masa, wannan kuma fa, Baba? Ya ce, "Shi ma cikin danginsa yake."

Yawancin kayan daga hannun 'yan feray ya ƙwato su, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Mutanen unguwa suka ce tsohon ya fara taɓuwa.

Ba a biyan ko dala a ƙofa. Amma akwai doka. Ba ka shiga ka yi kallo, ka ɗau selfi, ka fita. Sai ka cire takalmi, ya sa maka mari ya kulle, ka taka daga ƙofa zuwa taga ka dawo. Sannan zai fara yi maka bayani. Wani Alhaji ya taɓa zuwa daga unguwar Cité des Palmiers, babbar riga sai ƙamshi, ya ce shi kallo kawai zai yi. Baba ya ce, "To madalla, Alhaji, ga taga can, a leƙa ta waje." Ƙarshe dai Alhaji ya naɗe riga ya miƙa ƙafa.

Me ya haɗa ni da ɗakin nan? Sabi'u ya ce in faɗa, kada in ɓoye komai.

Shekarun baya ya faɗa cikin abokan banza. Wata rana da rana tsaka ya fizge wayar wata mata a bakin kasuwa. Ya sata, ba ƙazafi aka yi masa ba. To kun san garin nan, ihun ɓarawo na "Au voleur!" ɗaya ya isa. Kafin ka ce kwabo an kewaye shi da katako da duwatsu, an zura masa taya a wuya, wani ya ruga neman fetur wajen 'yan bensikin, masu haya da babur.

Baba Shef yana dawowa daga masallaci. Ya kutsa cikin mutane da lemarsa. Ya cire tayar, ya damƙi wandon Sabi'u ta baya irin riƙon 'yan aikinsu, ya daka tsawa da Faransanci cewa wannan fursunansa ne, duk wanda ya ƙara taɓa shi zai yi bayani. Dutse ya fasa wa Baba goshi. Bai saki ba. A ƙafa ya kai Sabi'u komisariya wajen 'yan sanda, ga taya rataye a ɗaya kafaɗar.

Aka yanke wa Sabi'u hukunci.

Ni kuwa kun san bakina. Na je gidan Baba ina huci. Na ce, "Baba, tunda kun cece shi, me ya hana ku kawo mana shi gida? Da hannunku kuka kai shi?"

Ya ce in cire takalmi.

Jama'a, ƙarfen nan sanyi gare shi kamar daga firiza aka ciro shi. Yana cin idon sawu. Ba ka iya buɗe ƙafa, sai ja, kuma duk motsin da ka yi sai ya yi ƙara. Ɗakin nan ƙarami ne, amma kafin in isa taga bakina ya mutu. A gindin tagar na ga tayar.

Ya ce, "Ya yi sata, Hajara, dole ya biya. Amma wanda ke kurkuku ana kai masa tuwo." Ya nuna tayar da lema. "Wanda ya ƙare cikin wannan fa, me za ki kai masa?"

Daga nan shi ya riƙa raka ni ziyara. Shi ya nuna mini irin kwanon da ake bari a shiga da shi, da wanda za a mai do ni da shi. Mu tsaya a layi, ruwan Douala na zuba, ya riƙe mini lema shi yana jiƙewa. Da Sabi'u ya fito, ba wanda ya yarda ya ɗauke shi aiki. Baba ya ƙetare gada da kansa zuwa Bonabéri, ya damƙa shi hannun wani mai walda da ya sani. Yau Sabi'u yana da wurinsa, yana da iyali.

Lokacin da kasuwa ta yi mini sanyi, sai ya riƙa kawo wando gyara. In duba, in juya, lafiyarsa ƙalau. In ce Baba ina wurin da ya yage? Ya ce, "Madam Tela, ke ce ƙwararriya, ki nemo."

Duk Asabar yakan tattaro 'yan sintirin unguwa da 'yan bensikin, ya shigar da su ɗakin rukuni-rukuni. Su ne masu fara isa in an yi ihun ɓarawo, ya sani. Ba zan ce muku an daina dukan mutane a New Bell ba, ƙarya ba kyau. Amma da idona na ga samarin layinmu sun kama ɓarawo, suka yi masa zobe suka riƙe hannun juna, suka hana kowa isa gare shi har 'yan sanda suka zo. Duk cikinsu babu wanda bai taɓa jan marin Baba ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a ɗakin ne, kafin a kwantar da shi. Na kai masa kunu, na tarar yana shafa wa ƙarafan baƙin mai saboda tsatsa. Ya yi ta fama da makullin marin ya kasa juya shi. Ya ce in zo in gwada. Makullin nan yana da hali, sai ka ɗan ɗaga shi sama sannan ka murɗa. Ya sa na yi ta maimaitawa har na ƙosa.

Na ce, "Haba Baba, ni tela ce fa, ba gandiroba ba."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Koyi buɗewa, 'yata. Rufewa kowa ya iya."

To ga abin da ya faru yau.

Maza sun tafi maƙabarta, mu mata muna zaune a tsakar gida tare da Inna, matar Baba. Sai muka ji ana buga ƙofar ɗakin gaba. Na leƙa. 'Yan feray ne su biyu, da amalanke da sikelinsu. Wai ɗan mai gidan ne ya yi musu alkawarin yau su zo su kwashe ƙarafa. Ba su ma san an yi rasuwa ba. Ɗayan ya ga tabarmi da mata sai ya cire hula yana ta yi mana ta'aziyya yana cewa, "Ashia, maman, ashia."

Na ce ashia ɗin ta karɓu, amma ku juya amalankenku.

Suka ce sai sun ga wanda ya kira su. Na ce to ku jira shi. Na jawo kujera na dasa a bakin ƙofar, na zauna. Wallahi da tirela suka zo sai dai su bi ta kaina.

Nuhu, babban ɗan Baba, a unguwar Kotto yake zaune da iyalinsa. Ya dawo daga maƙabarta, ƙasar kabari har gwiwar wandonsa, ya ga amalanke, ya gan ni. Ya dafe kai. Ya ce, "Yaya Hajara, na manta da su sam. Tun Baba na asibiti muka yi magana."

Na ce, "Nuhu, ko sanyi gawar ba ta yi ba."

Ya ce, "C'est pas ça, Yaya, ba haka ba ne. Ɗakin Inna na baya ruwa ke shiga duk damina, kin sani. Tana kwana ƙafarta a kan bulo, ƙarafa kuwa suna ɗaki busasshe. Na yi wa Baba magana har na gaji. Uwata ce. Ke a ce ke ce, me za ki yi?"

Gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda zai zagi Nuhu a ƙarƙashin wannan rubutun, ni zan fara goge maganarsa.

Sai Inna ta fito, tana dafe da bango. Ta ce, "Ku bar ɗaga murya a kan Malam." Ta dubi ɗanta. "Ɗakin ina so. Na gaji da ruwa, na gaji da jin ƙarar sarƙa duk Asabar. Amma ban ce a narka su a yi tukunya ba. Ubanku ya zubar da jini a kan abin nan." Ta juyo gare ni. "Hajara, in kina da inda za ki kai su, ki kai. Kafin a yi sadakar bakwai."

Nuhu ya sallami 'yan feray. Ya shiga ciki ya ɗauko makullin marin ya ba ni.

Ina da inda zan kai su? Shagona ne kaɗai. Waɗanda suka san shi sun san ko mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita. Turun nan kaɗai zai cinye rabinsa. Kekena da teburin yanka ba su da wuri in kayan Baba suka shiga.

Na riga na fitar da su. Suna baranda yanzu haka, na rufe da leda. A nan zan riƙa ɗinki, in ruwa ya zo in ja keke jikin bango. Masu kaya a wurina, ku yi haƙuri, ɗinkinku zai ɗan yi jinkiri. Wadda ba za ta iya jira ba ta zo ta karɓi atamfarta, ba gaba.

Wata ta ce mini a gidan rasuwa, wa zai kawo ɗinkin biki shagon da ke cike da sarƙoƙi? Mai yiwuwa ba kowa. Na ji, na gani, kuma na ɗauka.

Abin da nake nema wajenku kaɗan ne. Ina son maza masu ƙarfi gobe da hantsi, don turun nan ba na mutum biyu ba ne. Sabi'u zai zo da ƙusoshi da abin rataya. Mai amalanke ya taimaka. Wanda ya taɓa jin bayanin Baba kuma ya riƙe, ya zo ya faɗa mini, don ba duka na haddace ba, kuma ba na so in ƙara masa abin da bai faɗa ba.

'Yan sintirin da Baba ya yi wa alkawarin Asabar ɗin nan, alkawari na nan. Ku zo shagona. Ba zan iya tsawa irin tasa ba, amma ba wanda zai shiga da takalmi.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku. Allah Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, har da na shekarun aikinsa da shi kansa yake yawan neman gafara a kai. Yadda ya tsaya wa ɗan wani ranar da ba mai tsaya masa, Ya Allah Ka tsaya masa yau da yake shi kaɗai. Allah Ya yalwata kabarinsa, Ya ba Inna da Nuhu da ƙannensa haƙuri. Ni kuma Allah Ya ba ni ƙarfin abin da na ɗauko.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai taɓa ganin Baba Shef ba, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ku sa shi a sujadarku ta yau. In kun ɗaga hannu, ku haɗa da bayin Allah da aka ƙona a titunan garin nan, waɗanda ranar tasu ba wani tsoho da ya biyo hanyar.

Amin.