Rufin da Baba Ya Ci

Ku matso ku ji abin da ya same ni a falona a unguwar Thamesmead ta Landan, wata Lahadi cikin sanyin Disamba.

Autata tana shekara takwas lokacin. Aka ce a makarantarsu kowa ya kawo gidan biskit ranar Litinin. Ni ban taɓa jin an gina gida da abinci ba. Muka yi oda, aka kawo kwali: bango huɗu, rufi biyu, duk biskit mai citta, da farin sikari mai danƙo na mannewa. Kwana biyu muna fama, mu tsayar ya rushe. Da ya tsaya, muka ɗora shi kan teburin falo ya bushe.

Bayan azahar sai ga maigidan da Baba, mahaifinsa, wanda ya zo daga Kano ganin likita. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo shayi na ajiye a teburin nan. Kuskurena ke nan. A wurinmu abin da ke gaban baƙo nasa ne.

"Kai, 'yar nan, duk wannan wahala saboda ni?" Baba ya yi bismilla.

Ƙas! Rufi ɗaya ya tafi.

Yarinyar tana bakin ƙofa, ido ya ciko. "Mummy, tell him," ta ce ƙasa-ƙasa. Ni da ko ido ban taɓa haɗawa da surukina ba, in ce masa ya ajiye? Na kalli maigidan, ya cusa kai cikin waya. Baba ya tsoma a shayi, ya ce cittar ta ji. Ya sake miƙa hannu. Bakina ya ƙi buɗuwa.

"Kaka, gidana ne. Na makaranta."

Da Hausa ta faɗa, ita da sai da Turanci take amsa mana. Hannun ya tsaya.

"Amarya, ashe gida na cinye miki? Zo nan."

Ya ɗaga rufin da ya rage ya kwantar da shi a kan bangon, ya ce a garinmu soro ake yi. Ita ta matsa sikari, shi ya dasa gutsattsari a kusurwoyi, wai zanko.

Ta kai gidan nata makaranta, amma ni sai Laraba ta kula ni. Don Allah ku faɗa min, da ku ne, da bakinku ya buɗu?