Dattijon da Ke Yi wa Auduga Sallama

Ku daina cewa ƙarin sifika ne maganin ɗakin da ke amsa kuwwa. Eh, na sani, ni na fi kowa cika ku da wannan surutun a wannan dandalin. Ga shi na jera wa talabijin sifikoki, amma in na sa fim kamar a rijiya ake magana. Gobe kuma abokaina za su zo ganin abin da na daɗe ina kuri da shi.

Yanzu haka ina kasuwa, layin masu katifa, ina kallon wani dattijo. Farar shadda ce a jikinsa, ga biro a aljihu, ga firam ɗin katako a hammata. Ina jin ma'aikaci ne da kuɗin man fetur ya gina wa falo mai tayil, amsa kuwwar falon kuma ta hana shi jin labarai. Ya ɗauki dunƙulen auduga ya kara a baki, ya ce, "Salamu alaikum!" Ya kasa kunne.

Mai katifa ya ce, "Alhaji, ta amsa?"

"Da ta amsa ai ba ni saye. Mai haɗiye magana nike nema, a firam ɗin nan zan cusa ta in rataya a bango."

Ni kuwa ga ni tsaye da wata sabuwar sifika a kafaɗa, ina zufa. Ku yi magana kafin mai shagon da na sayo ta ya rufe: in maida masa kayansa, ko in kai gida kunyata ta ƙara ƙara?