Kyautar da Ta Raba Madam Ladi da Ajinta

Har gobe ban manta da ranar da aka karrama Madam Ladi ba. Ku da kuka fara aiki kwanan nan, ku saurara.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, ina koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati a Kakuri. Aka kawo mana sabon firinsifal, Alhaji Garba, mutum mai fara'a da son jawabi. A taronmu na farko ya ce zamanin tsawa ya wuce, yanzu ƙarfafa gwiwa ake yi, don haka zai ba da kyautar gwarzon malami duk ƙarshen zango. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi.

Babu wanda ya yi musu da aka zaɓi Madam Ladi. Ita ke koyar da kimiyyar sinadarai a ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar fita. A wannan darasi akwai gwajin hannu, inda yaro zai haɗa sinadarai da kansa a gaban mai sa ido, kuma wanda bai saba ba ya faɗi. Shi ya sa duk Asabar take hawo bas daga Trikania ta buɗe musu ɗakin gwaji, ba wanda ya sa ta.

Ranar bikin, Alhaji ya miƙa mata agogon bango. Sannan ya ce akwai babbar kyauta: daga yau ita ce shugabar kwamitin tarbar baƙi. Lokacin kuwa 'yan siyasa sun sa mu gaba, yau kansila, gobe ciyaman, kowa na zuwa duba rufin da ke yoyo ya yi alkawari ya tafi.

Madam Ladi ta sami Alhaji a ofis, ina wurin.

"Ranka ya daɗe, yarana fa? Jarrabawa ta ƙarato."

"Haba Madam! Mai ƙwazo irinki a bar ta cikin ƙurar alli? Ai cin fuska ne. Ga Malam Sani nan, lissafi da sinadarai duk kimiyya ce."

Ni ne Malam Sanin. Ni da rabona da kwalbar gwaji tun ina ɗalibi! Na ce ban iya ba, ya ce ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Ɗakin gwajin ma ya sa aka jibge kujerun baƙi da katan-katan na lemo a ciki, makulli yana aljihunsa.

Wallahi abin ya ci min rai. Ina zana kwalabe a allo, yara na kallona kamar kaji a ruwan sama, ita kuma tana can ƙarƙashin rumfa tana zuba wa kansila lemo. Akwai Rifkatu, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin, mai burin karatun nas. Da sakamakon jarrabawa ya fito, sinadarai kaɗai ta faɗi. Madam Ladi ta yi kuka a ɗakin malamai, ba ta ɓoye ba.

Da zango ya zagayo aka ce a fito da sabon gwarzo, sai ga tawali'u ya sauko mana. "A'a, Malam Bulus ya fi ni!" "Ni? Rufa min asiri, jiya ma na makara." Masu zuwa da wuri suka koyi tsayawa wurin mai shayi. Alhaji ya yaba da haɗin kanmu.

Abin da na koya shi ne, malamai ba jawabin shugaba suke saurare ba, abin da ya sami mai ƙoƙari suke kallo. Agogon yana nan a falon Madam Ladi. Ta ce min tun da ta rataye shi ba ta taɓa sa masa batir ba.