Telan Ƙofar Ran da Ƙwayoyinsa

Shekarar da ake shirin karɓar mulkin kai, ina aikin ba da magani a asibiti a Bauchi. Ni mutumin kudancin lardi ne, makarantar mishan na yi, amma mutanen birni Malam suke ce mini. Likita ya ɗora mini kula da masu tarin fuka: in yi musu allura, in ba su ƙwaya, in kuma bi sawun wanda ya daina zuwa.

Cikinsu akwai wani dattijon tela daga Ƙofar Ran. A kan jaki aka kawo shi, yana tofar da jini. Bayan wata uku yana karɓar allura ya murmure, ya koma kan keken ɗinkinsa. Saura ƙwaya, wadda likita ya ce sai ya yi shekara ɗaya da rabi yana sha. Manya ne, ga ɗaci, ga ɓata ciki.

Wata Laraba bai zo ba, sai na hau keke na same shi a zaure yana ɗinki. Ya sa aka kawo mini fura. Ina sha na hango ƙwayoyin a gwangwanin da yake zuba maɓallai, sun kusa cika shi. Bai yi musu ba.

"Malam, dube ni," in ji shi. "Ina ci, ina aiki. Mai lafiya kuma me zai yi da magani?"

"Baba, ciwon kwanciya ya yi, bai tafi ba."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro.

Ba dabarar da ban gwada ba. Na roƙi limamin unguwa ya yi masa magana. Na gaisa da matarsa ta bayan katanga, muka shirya ta riƙa ba shi ƙwayar da koko bayan sallar asuba, da tuwo bayan magariba. Wajen wata guda abin ya tafi daidai, har na fara yi wa likita alfahari.

Da damina ta sauka sai ya rufe zaure ya tafi gonarsa a Zungur, ya bar maganin a gida. Sau biyu na bi shi. Na farko rafi ya cika na juyo. Na biyu na tarar da shi cikin dawa, ya karɓi ƙunshin maganin da na kai masa da hannu biyu, ya sa mini albarka. Ban sani ba ko ya taɓa kwance shi.

Bayan girbi aka dawo da shi, ya rame har ban gane shi ba. Wannan karon komai na ba shi haɗiyewa yake, har yana tambaya ko akwai ƙari. Muka koma allura, amma zazzaɓinsa bai sauka ba. Likita ya ce cutar ta saba da maganin, kuma ba mu da wani. Kwana ashirin ya yi a gadon da ke bakin taga, ya rasu da hantsi ina gyara masa matashi.

Bayan ta fita takaba matarsa ta zo tana tari. Ta san komai, ba sai na yi mata bayani ba. Wata huɗu ta yi tana zuwa, sannan danginta suka ɗauke ta zuwa ƙauye. Na tambaya a unguwar, ba wanda ya iya gaya mini wane ƙauye.