Idanun Labulen Yaya Azumi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Azumi, ni kuma ga ni zaune a tsakar gida da gudumarta a hannu, na kai wa ƙarfe duka na samu babban yatsana. Matar ɗana, Memunatu, ta yar da muciya ta yo kaina. Bagwanjiya ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Mma, ka bari wannan abu. Ka ga jini? Kayan mutuwa ka kawo mana cikin gida."

Na ce, "Mutuwa ta san gidan nan tun ba a haife ki ba. Yago mini tsumma."

Abin da nake bugawa labule ne, na wankan gawar mata. Duk wanda ya san zangon Salaga ya san ɗakunanmu. Gado, akwati, jeren kwanuka, wuri ya ƙare. Bayin wanka kuwa na 'yan haya ne, mai rai ma a karkace yake shiga. To idan mace ta rasu, a kusurwar tsakar gida ake yi mata wanka. A da mata ne ke zagaye wurin, kowace ta ɗaga zane da hannu biyu ta kau da kai. Wai ta kau da kai. Hannu yana gajiya, zane yana sauka, wuya kuma yana juyowa. Ina cikin masu wanka tun ina da ƙarfina, kuma na sha jin asirin mace a bakin famfo washegari. Wance ashe ƙari ne a cikinta. Wance duk bayanta tabon duka. Matar da ta rufe jikinta tun tana budurwa har ta tsufa, a wuni ɗaya an baje ta.

Azumi ba 'yar'uwata ba ce ta jini. A Yendi muka tashi, gidan malamai, katanga ɗaya tsakaninmu, ta girme ni kaɗan. Aure ya kawo ni Salaga, ita ya kai ta Bawku, gidan wani mai ɗinkin tamfol na lorin hatsi da na shanu. Can ta koyi buga zobban nan da ake sa wa a bakin tamfol don igiya ta wuce. Masu kanti ayilet suke ce musu. Ita ido take cewa, ni ma haka na saba. Da mijin ya rasu, ba ɗa ba jika, danginsa suka ɗauke keken ɗinki, ita kuma ta taho wurina da abin da ba su kula da shi ba: guduma, ƙarfen huda, da wasu ƙarafa biyu, ɗaya mai kwarmi da ake zaunar da ido a kai, ɗaya dogo da ake bugawa. Turmi da taɓarya take kiransu.

Ba abin da ba ta sa wa ido ba a unguwarmu. Labulen ƙofa, jakar allo, rumfar masu doya, har buhun da ake rataya albasa. Ranar da na fara tafiya da ita wanka, aka ba ta zane ta riƙe. Muna dawowa ko takalmi ba ta cire ba ta ce, "Lantana, wannan ba sutura ba ce. Kasuwa ce."

Da ta ce za ta yi labule mai igiya, a ɗaura shi a bango kowa ya koma gefe, sai ka ce ta zagi wani. Magajiyar mata ta lokacin ta ce wanda ya tanadi kayan wankan gawa alhali ba wanda ya mutu, kiran mutuwa yake yi. Wata ta ce ƙarfe ba ya zuwa kusa da mamaci. Sai da muka aika Yendi wurin wana, malami ne, Allah ya jiƙansa. Amsarsa gajeriya ce: a gaya musu labule ba likkafani ba ne, ba binne shi za a yi ba. Duk da haka ba gidan da ya yarda a buga shi a ciki, har namu, don maigidana ma ya tsorata. Ƙarƙashin wani mangwaro a bayan tashar mota ta je ta zauna, ni ina riƙe mata yadi, masu wucewa suna canza hanya.

A wurin na ga yadda take aiki. Bakin yadin sai ta ninka shi uku, ta cusa tsirin tsohuwar rigar saƙi a ciki don ya yi nama. Ramin kuma ƙarami take hudawa, ƙarami ƙwarai, har sai ta murza wuyan idon da ƙarfi kafin ya shiga. Na ce mata ki ɗan buɗa shi mana ki huta. Ta ce in ramin ya yi wa ido daidai, ranar da aka ja igiya zai fice ya bar ki da rami. Kuma ba ta yarda da baƙin ƙarfe, sai tagulla, don abin da ruwa zai riƙa taɓawa tsatsa za ta ci shi ta ci yadin. Duka ma ba na hauka ba. Ki buga, ki juya taɓarya kaɗan, ki sake bugawa, har bakin ya naɗe lumui ba tsaga.

Wata biyu ba a taɓa labulen ba. Sai uwar Magajiya ta rasu, da ciwon da ba a son a gani. Magajiya da kanta ta turo a karɓa. Tun daga ranar ba a sake ɗaga zane a zangonmu ba.

Ita ma Azumin a bayansa aka yi mata wanka. Ni na ɗaura igiyar. Ta yi jinya mai tsawo, kuma abin da ciwon ya yi wa jikinta mu uku muka gani. Biyu sun bi ta. Ni kuma ba za ku ji shi a jarida ba.

Nakan zauna in ce da za ta leƙo yau, me za ta ce? Na san za ta fara da dariya, wai Lantana ce ke rubutu a jarida, ni da ta bari ina dangwala yatsa. Sai da jikokina suka shiga makaranta na je ajin manya na koya, ina jin kunya ina zuwa. Amma dariyar ba za ta daɗe ba in ta ɗaga kai. Zamaninta duk unguwar nan ba abin da ya fi katanga tsawo sai hasumiyar masallaci. Yanzu bene ne ta ko'ina, kowane da baranda, kowace baranda da mutum, kowane mutum da waya.

Watan jiya wata baƙuwa ta rasu a gidan haya, mai sayar da man kaɗe, daga wajen Paga take. Ba ta da kowa a nan. Muka je da labulen. Ya tsufa, yadin ya yi laushi kamar ganye, na san haka, na yi ta faɗa ana cewa to. Muna tsakiyar wanka iskar hadari ta taso. Idanun suna nan garau, ko ɗaya bai tsage ba, yadin ne ya rabu da su. Gefe guda ya zube ƙasa. Na ɗaga kai, ga mutane a barandar benen maƙwabta, ɗaya da waya a hannu. Ban ce ya ɗauka ba. Na ce waya tana hannunsa. Na fizge mayafina na rufa mata, na tsaya kaina ba ɗankwali ina zagin mutanen da ban san sunansu ba.

Da matan unguwa suka zauna, yaran cikinmu suka ce a sayo labulen taga na kanti, ai ga shi nan da zobbansa a jiki. Na je na gani. Zobban roba ne, yadin kuma in kin ɗaga shi a rana kina ƙirga haƙoran mai kanti ta ciki. Ɗana ya ce a kai wa tela. Telan da almakashi yake yanka rami, ya faɗa mini da bakinsa. Na ce ku bar shi, ni zan yi.

Ba na ɓoye dalili. A masu wanka yanzu ni ce babba, ba sai an yi lissafi mai zurfi ba a san wa ke kan layi. Haihuwa ta bar mini abin da ta bari, wuƙar asibiti ma haka. Maigidana har ya koma ga Allah bai gani da rana ba. Ba ɗan haya ne zai gani daga bene ba.

Yadi mai kauri na samu a nan. Ido ne ya ba ni wuya. Na Salaga baƙin ƙarfe, na Yendi ma haka, an shafa masa ruwan rawaya. Sai da na haɗa matar wani direba da saƙo zuwa Bawku, layin masu gyaran tamfol, na ba ta tsohon ido guda na ce in ba irinsa ba kada ta karɓa. Da ta kawo na gwada da haƙori, abin da ya rage mini na haƙorin.

Azumi ba ta bar ɗa ba, ba ta bar ɗaki ba, hotonta ma babu. Yaran da ke zuwa aron labule ba su san sunanta ba, labulen zango suke cewa. A da abin yana cina. Yanzu na ga ba sunanta take so a riƙe ba. So take mace ta tafi da abinta a rufe, kuma mata da yawa sun tafi haka, ba wanda zai iya ba da labarin jikinsu. Abin da ya rage nata ke nan, kuma yadi ne, yana tsufa, sai an sake.

Bayan na ɗaure yatsan na ci gaba, amma gudumar sai kauce wa ƙarfen take. Memunatu ta tsaya tana kallo, tuwonta yana kamawa. Can ta tsuguna.

"Kawo. Kai ka riƙe ƙarfe, ni zan buga. In na mutu laifinka ne."

"In kin mutu kin samu sabon labule. Juya taɓaryar. A hankali, ba doya kike daka ba."

Ta iya paa, in ji mutanen nan, wato ƙwarai, yarinyar. Kafin la'asar ta rana ta uku mun gama. Muka zura igiya, muka ɗaura a kusurwar gidanmu, daga ƙusar bango zuwa sandar shanya. Na ja da duk nauyina, ko gezau. Sai na ɗauko tabarma na shiga ciki na kwanta, na miƙe ƙafa.

"Innalillahi! Mma, tashi! Me ke nan?"

"Je ki benen su Alhaji maƙwabcinmu, ki ce ni na aiko ki. Ki hau baranda ki leƙo."

Ta tafi tana mita. Ina kwance ina kallon sama, ƙasa da sanyi, ba daɗi, amma ba laifi. Can na ji muryarta daga bisa.

"Mma!"

"Kina ganina?"

"Kanka ba na gani. Amma daga gwiwa zuwa ƙasa duka ina gani."

Na yunƙura na zauna. Gefe ya rufu, sama ce a buɗe. Yadi ya rage, idanu ma akwai saura a gwangwani.

"Sauko. Biyo da gudumar, rufi za mu yi masa."