Juyen Man da Na Yi wa Motar Alhaji

Ina shekara ta huɗu a Dubai, ina aiki a wani ofishin kago, masu aika kayan 'yan kasuwa zuwa gida, a unguwar Naif, Alhaji ya sayi sabuwar mota. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, gida ɗaya muke haya a Hor Al Anz, ƙofar ɗakinsa tana kallon tawa. Sana'arsa rakiyar 'yan kasuwa: ya ɗauko su daga filin jirgi, ya zaga da su shaguna da rumbunan kaya har Sharja, ya yi musu tafinta, sannan ya kawo kayansu wurinmu mu auna. In babu mota, babu sana'ar.

Shekara da shekaru yana fama da wata tsohuwa mai tari kamar tana shan taba, don haka da ya samu sabuwa fil a leda, duk muka taya shi murna. Sai dai ba motar ce ta fi burge shi ba, takardar da aka haɗo masa da ita ce. Masu sayarwa sun ba shi garanti na tsawon rai a kan inji da giya, wai muddin motar tana hannunsa, ko shekara nawa ne, in ɗayansu ya lalace su za su gyara. Alhaji ya sa takardar a leda, ya ajiye ta tare da fasfo. Duk wanda ya shiga motar sai ya ji karatun garanti, ko bai tambaya ba. Ni kuwa na mayar da shi abin tsokana. Nakan ce masa ran waye ake nufi, nasa ko na motar, don in nasa ne to ya rage shan shayi mai sukari. Shi kuma ya ce mu 'yan Kano mun saba da kwance, ba mu san daɗin sabon abu ba.

Yakan ce babu mai taɓa masa mota sai kamfani. Na ji wannan magana ya fi a ƙirga. Na ɗauke ta irin yangar mai sabon abu ce, ban taɓa tsayawa na tambaye shi dalili ba.

Sai mahaifiyata ta zo ganin likitan gwiwa, daidai lokacin da Alhaji zai je gida hutun Sallah. Ban roƙe shi ba. Shi ya miƙo mini mukulli, ya ce bai kamata a riƙa jan Hajiya a tashar jirgin ƙasa da wannan zafi ba. Mako uku ina kai ta asibiti ina dawo da ita cikin sanyi, tana sa masa albarka kullum, ita da ba ta taɓa ganinsa ba.

To a gidanmu an hore mu a kan cewa abin aro ba ya komawa yadda ya zo. In maƙwabciya ta aiko da tuwo, kwanonta ba ya komawa wayam. Da Hajiya ta tafi, na cika tanki, na kai motar aka wanke ta ciki da waje, amma na ga kamar hakan bai isa ba. Sai na tuna a Kano in kana son ka kyauta wa mai mota, juye kake yi masa. Na kai ta wani ƙaramin gareji da na saba gani a hanya, na ce a zuba baƙin mai mafi kyau, a canza matatar mai. Da bakaniken zai manna 'yar takardar shaida a gilashi na hana shi, don ba na son Alhaji ya gani ya ce na wahalar da kaina. Na fito daga garejin nan ina jin kaina mutumin kirki ƙwarai.

Ba a yi wata biyu da dawowarsa ba injin ya buga a hanyar Sharja, da baƙi uku a ciki. Ya kira ni muryarsa ko gezau, har da dariya, ya ce yau zan ga amfanin takardar da nake yi wa ba'a. Aka ja motar zuwa wurin gyaran kamfanin. Kwana biyar bayan nan suka kira shi, ya ce in raka shi don Turancina ya fi nasa.

Ma'aikacin da ya karɓe mu wani siririn mutum ne mai gilashi, ɗan Indiya, mai magana a hankali. Ya ajiye matatar mai a kan tebur cikin leda, ya ce wannan ba tasu ba ce. Ya nuna mana layin da ke cikin takardar, wanda ya ce duk sabis a wurinsu za a yi, in wani hannu ya shiga, garanti ya faɗi. Ni na fassara wa Alhaji wannan da bakina. Ina fassarawa ina kallon matatar, na gane ta sarai, har launin kwalinta na tuna.

Alhaji mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce ƙarya ne, su suka sa ta don su gudu daga alkawari. Ya haɗa Larabci da Faransanci ya kira mutumin nan maƙaryaci, ɓarawo, a gaban jama'a. Sannan ya juyo wurina ya ce: "Gaya masa, wallahi tallahi, tun da na sayi motar nan babu hannun da ya taɓa ta sai nasu." Na gaya masa. Na mayar da rantsuwar nan Turanci kalma bayan kalma, alhali ni kaɗai a wurin na san ba haka ba ne.

Har yau ban san ko man da na zuba ne ya kashe injin ba, ko dama can da aibinsa. Na yi ta riƙe wannan ina lallashin kaina da shi. Amma ko ma mene ne ya kashe shi, ni na kashe takardar. Abin da ya hana ni magana kuwa ba wani abu ba ne, tsoro ne da kunya. Kullum in ce gobe.

Sabon inji ya fi ƙarfinsa, motar ta zauna. Baƙinsa suka fara komawa wurin masu mota, ba don mugunta ba, don ɗan kasuwa mai kwana biyar a gari ba zai tsaya jiran bas ba. Na riƙa ganinsa a lungunan Naif da ƙafa, rigarsa sharkaf, yana bin mutane ɗaya ko biyu da suka rage masa. Duk majalisar da ya zauna sai ya ja kunnen mutane, ya ce garantin har abada yaudara ce, kada wanda ya yarda. In ya gama sai ya nuna ni ya ce ga shaidarsa nan, a gabana aka yi. Ni kuma in gyaɗa kai. A lokacin na koma sayo masa abinci, ina yi masa hidimar da bai nema ba, shi kuma yana ta gaya wa mutane ya yi dacen maƙwabci. Wannan yabo ya fi zagi ciwo.

Wata Juma'a bayan an sauko, muna cin shinkafa a ɗakinsa, ya ce yana tunanin tattarawa ya koma Maraɗi. A nan na faɗa masa. Ban iya kallonsa ba, farantin na yi wa bayani, tun daga wankin mota har 'yar takardar da na hana a manna. Na shirya wa zagi, na shirya wa ya ce in biya, har na fara cewa zan nemi yadda zan yi.

Ya ɗaga hannu ya ce: "Khalas, shi ke nan, bar maganar mota. Kana tsaye na rantse da Allah, ka bar ni?"

Na ce eh.

"Kana tsaye na ce wa bawan Allah nan ɓarawo?"

Na ce eh, Alhaji.

Ya ce to Litinin in nemi izini a wurin aiki, zan raka shi.

Muka hau bas biyu kafin mu isa. Mutumin mai gilashi yana nan a teburinsa, da ya hango mu sai da ya gyara zama, ya ɗauka wata rigimar ce. Alhaji ya tsaya a gabansa, ya sa ni na fassara cewa shi ne mai gaskiya, an taɓa motar a waje, ya zage shi a kan kuskure, yana roƙon ya yafe masa. Mutumin ya miƙe ya kama hannunsa, ya ce babu komai, sannan ya tambaya wa ya kai ta garejin.

Na juya wa Alhaji tambayar da Hausa, na tsaya ina jira. Bai kalle ni ba. Ya ce: "Ce masa wani ƙanena ne, alheri ya yi niyya."

Wannan ma ni na fassara.